Ɗanka Ya Gama Karatu a Waje, Me Ya Hana Shi Dawowa?



Kai da ka sayar da gero da bisashe don ɗanka ya yi karatu, da kai nake magana. Yaro ya gama jami'a a Yamai, ya tafi Faransa ya ƙara ilimi, ya samu babban digiri. Ka buga masa waya ka ce yaushe za ya dawo, ya ce: "Baba, a ƙara mini haƙuri." Ranka ya ɓaci. Amma kafin ka yi fushi da shi, dubi abin da ke gabansa.

A Faransa, wanda ya gama digirin masta yana iya samun takardar zama ta wata 12 don ya nemi aiki ko ya kafa sana'arsa. A Jamus wata 18 ne. A Kanada takardar aikin tana kaiwa shekara 3. Sun san darajar mai ilimi, shi ya sa suke riƙe shi.

To, mu me muka tanadar masa? Ya dawo ya yi ta yawo da takardu daga ofis zuwa ofis. In ya yi sa'a, a ɗauke shi aikin kwantaragi, albashin ma sai an yi ta jira. Ruwa ba ya tsami banza. Mu muka yi shuka, wasu ke girbi, alhali asibitin ƙauyenku ba likita.

Ku tuna da Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa. Ya yi karatu mai zurfi a Faransa, ya dawo gida a 1969 ya shugabanci cibiyar binciken hasken rana. Ya samu wurin da zai yi aiki da iliminsa, ƙasa ta amfana. Yau sunansa jami'ar Yamai take ɗauke da shi.

Abin da muke nema a fili yake. A ɗauki ma'aikata ta jarrabawa, ba ta sanayya ba. A tantance takardun wanda ya dawo ba tare da jan ƙafa ba. A biya albashi a kan lokaci.

An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mu kada mu bar ƴaƴanmu. Ranar zaɓe, ɗauki katinka ka fita, ka tuna da wannan yaron da ke son dawowa.

Allah ya dawo mana da su lafiya.