Jawabin Rantsar da Kwamitin Sa Ido kan Ginin Islamiyya a Zangon Paraku

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Malam Liman, Allah ya gafarta Malam, Sarkin Zango, ranka ya daɗe, iyayenmu mata, 'yan'uwanmu da suka taso tun asuba daga Jugu da gudummawarsu, sannunku da hanya.

Yau muna ɗora wa waɗannan bayin Allah amanar kula da ginin makarantarmu, kuma kafin a miƙa musu mabuɗi, littafi zan fara miƙa musu.

Ga dalili: kowa a nan ya san tashar jirgin ƙasa ta garin nan. Dogo ya iso Paraku daga Kwatano a 1936, tafiyar kilomita 438, nan ya tsaya har yau. Kakanninmu sun ji alkawarin zai wuce Yamai, mu ma mun ji. A 2014 kamfanin Bolloré ya fara shimfiɗa ƙarfe daga Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140, alhali kamfanin Petrolin na cewa shi ke da haƙƙin aikin a ɓangaren Benin. Ba a warware wannan ba aka ci gaba. Magana ta kai kotu, a 2017 Kotun Ƙoli ta Benin ta ba Petrolin gaskiya. Ƙarfen yana can kwance, ba ya ɗaukar kaya, ba ya ɗaukar mutane. An ga matsalar tun tana ƙarama, aka bar ta a baya, ta zo ta tare gaba.

Fataken da suka riƙa ratsa Jugu daga Kano zuwa Gwanja neman goro ba haka suke tafiya ba. Akwai madugu, akwai jagaba mai duba hanya, akwai ubandawaki mai ji da kuɗin fito, akwai malamin ayari da alƙalaminsa. Kowace damuwa tana da mai ita.

To, 'yan kwamiti, ku saurara. Duk abin da ya taso, bango ne ya tsage, siminti ne ya sha ruwa, birkila ne bai zo ba, a rubuta shi ranar da aka gan shi. A rubuta wanda ya gani, da sunan mutum ɗaya da zai gyara, da ranar da zai gama. Na ce mutum ɗaya, domin abin da aka ce "kwamiti zai duba" ba mai duba shi. Kowace Juma'a bayan an sauko a karanta littafin a gaban jama'a, kuma kada a soke layi sai mutum biyu sun je sun gani da idonsu. Hoton WhatsApp shaida ce, amma ba ya taɓa bango.

Abin da na fi jiye muku shi ne kunya. Mai kwangilar ɗan'uwa ne, mai sayar da rodi suruki ne, sai hannu ya yi nauyi wajen rubuta suna. Wallahi na san wannan nauyin. Amma a cikin kuɗin nan akwai na tsohuwa mai tuyar ƙosai, kuma jikanta ne zai zauna ƙarƙashin rufin. Rubuta sunan mutum ba tozarta shi ba ne.

Jama'a, ku ma in kun ga wani abu, kada ku kai shi majalisar shayi, ku kawo wa magatakarda. Muna roƙo a rufa ginin nan kafin ruwan watan Mayu ya sauka.

Malam Magatakarda, matso ka karɓi littafin. Allah ya taya ku riƙo.