Motsin Jariri Da Ƙarfin Jikinsa: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu

Maganar da na zo da ita ta cikin gida ce, amma ba ta shiga gidajen talakawa sai ta bakinku da na dagatai da masu unguwa.

Jariri yakan zo duniya da waɗansu motsi waɗanda ba wanda ya koya masa. In an shafi kumatunsa sai ya juyo ya buɗe baki yana neman nono. In an sa masa yatsa a tafin hannu sai ya damƙe. In ya ji ƙara ko ya ji kamar zai faɗi, sai ya razana, ya ware hannuwansa biyu, sa'an nan ya tattaro su. Wannan razana ba aikin iska ba ce, alama ce ta lafiyar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma takan bar shi kafin ya cika wata 6. Abin tsoro shi ne a ga hannu ɗaya na motsi ɗaya na kwance, domin haihuwa mai wuya takan ji wa jijiyar kafaɗa ko ƙashin wuya ciwo.

To, ƙarfin jiki daga wuya ya ke farawa. Jariri kan riƙe kansa wajen wata 4, ya fara zama wajen wata 6, ya taka bayan shekara ko kusa da haka. Abin da ke ƙarfafa wuya da kafaɗa kuwa ba kuɗi ya ke ci ba: a kifa shi rub da ciki bisa tabarma mai tsabta ko bisa ƙirjin uwarsa, yana farke, ana kallonsa. Ƙoƙarin da ya ke yi na ɗaga kai shi ne aikin. A fara da minti biyu ko uku. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a tara masa aƙalla minti 30 a yini, kaɗan kaɗan. Amma lalle in barci zai yi a kwantar da shi rigingine, don barci a kife yakan jawo mutuwar farat ɗaya.

Goyo abu ne mai kyau, ba mai hana shi. Sai dai hukumar nan ta ce kada jariri ya wuce awa ɗaya a ɗaure a lokaci guda, har da a bayan mai reno. Na san matar da ke daka da ɗiban ruwa za ta ga wuyar wannan, amma ko sauke shi jifa jifa ya wutsila ƙafa ya fi a bar shi yini cikin majanyi. A riƙa tallafe masa kai, kada a cilla shi sama ko a girgiza shi da ƙarfi, ko da wasa ne. Kada kuma a zubar da dakashi, watau nonon farko, kuma nono kaɗai ya ishe shi har wata 6.

Ku kuma malamai, in an zo rubuta haihuwa ku tambaya: yana tsotso? Yana motsa gaɓoɓinsa duka? Jaririn da ya fara shan nono lafiya, bayan 'yan kwanaki ya ƙi, muƙamuƙinsa ya ɗaure, jikinsa ya sandare, da wanda jikinsa ya saki laƙwas, da wanda idonsa ya yi rawaya, duk a kai su asibiti a ranar. Ku gaya wa ungozomai da wanzamai kada a jira a yi suna tukuna.