Hatimin Majalisa A Kan Teburin Caca: Darasi Daga Biranen Jihar Minesota



An ce in yi muku magana, ku kansiloli da ma'aikatan ƙananan hukumomi da ɗalibai, a kan ikon ba da lasisi da ke hannun ƙaramar hukuma. Na zaɓi in kai ku nesa, jihar Minesota da ke arewacin Amurka, mu duba wani ƙaramin izini da majalisun birane suke bayarwa a can kusan kowane wata, wato izinin da ƙungiyar taimakon jama'a take nema don ta kafa caca a mashayar unguwa ko gidan cin abinci. Na san mafi yawanmu a zauren nan mun daɗe da sanin hukuncin caca a addini, kuma ban zo in sake buɗe wannan babi ba. Na zo ne mu ga abin da ke faruwa ga hukuma a ranar da ta ce za ta halatta caca ta kuma tsare ta da dokoki saboda alherin da ake fatan samu. Minesota na cikin wuraren da suka fi ƙoƙari wajen tsara wannan harka, don haka sakamakon da ta samu ya cancanci a tsaya a kansa.

Mu fara da wurin da abin yake faruwa. Ranar Juma'a ce da yamma, lokacin hunturu, ƙanƙara ta rufe titi. A cikin mashayar akwai ma'aikatan da suka taso daga aiki, da tsofaffi, da iyalai masu cin abinci a gefe guda. A wata kusurwa an kafa ɗan akurki, cikinsa akwatunan roba masu kama da gilashi, cike da ƙananan katuna na kwali. Kowane kati daga dala 1 zuwa dala 5 ne. Mutum zai miƙa dala 20, a ƙirgo masa katuna, ya koma mazauninsa ya riƙa ɓare bayansu da farce. Idan hotunan da ke ciki suka jeru yadda aka tsara, ya ci. Idan ba su jeru ba, sai ya jefa a kwandon da ke gabansa, kuma kafin dare ya raba kwandon ya cika. A jikin kowane akwati an liƙa takardar da ke nuna yawan kyaututtukan da ke cikinsa, ana soke waɗanda aka riga aka ci. Can gefe kuma wani yana juya faifai mai lambobi, wanda lambarsa ta fito ya tafi gida da ƙullin nama. A saman akurkin an rubuta sunan masu cacar: ƙungiyar wasan hoki ta yaran unguwa, ko ta 'yan mazan jiya, ko ta 'yan kwana-kwana masu aikin sa kai.

Wannan al'ada ba a dare ɗaya ta kafu ba. A 1945 jihar ta halatta wa ƙungiyoyin taimako wasan bingo. A 1978 aka ƙara cacar ƙuri'a da ta faifai, a 1981 aka ƙara katin ɓarewa. Da harkar ta fi ƙarfin birane, a 1984 aka kafa hukumar jiha mai kula da ita. A 2012 kuma aka halatta katin ɓarewa na lantarki, wanda ake bugawa a kan ƙaramar kwamfutar hannu. Ku lura da yadda tafiyar take: kowane mataki ya fi na baya faɗi, kuma kowanne da sunan taimako aka ɗauke shi.

To, ina majalisar birni ta shigo? Dokar jihar, babi na 349, ta raba aikin gida biyu. Hukumar jiha ce ke ba ƙungiya lasisi, bayan ta tabbatar cewa ba ta neman riba ba ce, ta yi aƙalla shekara 3 da kafuwa, tana da mambobi masu jefa ƙuri'a aƙalla 15, kuma ta naɗa manajan caca mai nasa lasisin. Amma lasisin nan bai ishe ta ta kafa akurki a ko'ina ba. Kowane wuri yana buƙatar izininsa daban, kuma hukumar jiha ba za ta bayar ba sai majalisar birnin da mashayar take ciki ta zartar da ƙudurin amincewa. Idan kansiloli suka ƙi, magana ta ƙare.

Ikon birni bai tsaya nan ba. Yana iya hana cacar gaba ɗaya a cikin iyakarsa, ko ya kafa sharuɗɗan da suka fi na jiha tsauri. Yana iya wajabta wa ƙungiya ta zuba har kashi 10 cikin 100 na ribarta a asusun da birnin ke kula da shi don ayyukan jama'a. Yana iya sa haraji har kashi 3 cikin 100 na abin da ya rage bayan biyan masu ci, bisa sharaɗin ba za a kashe shi a komai ba sai sa ido kan cacar. Yana kuma iya cewa kuɗin da aka tara a kashe su a cikin birnin da maƙwabtansa, kada a kwashe daga aljihun unguwa a kai wata nahiya. Ita kuma ƙungiya dole ta buɗe asusun banki na caca daban, ta karanta wa mambobinta lissafi duk wata, ta aika rahoto ga hukuma. Wanda bai kai shekara 18 ba ba ya wasa, kuma ba a sayar da kati bashi.

Duk wanda ya taɓa aiki a ƙaramar hukuma zai yaba wa wannan tsari, ni ma na yaba. Sai dai a aikace, wannan babban iko sau da yawa yakan wuce a cikin jerin batutuwan yau da kullum da majalisa ke amincewa da su a dunƙule, da ƙuri'a ɗaya, ba tare da muhawara ba. 'Yan sanda sun duba, takardu sun cika, shi ke nan. Kuma wane kansila ne zai miƙe ya ce bai yarda ba, alhali masu neman izinin su ne iyayen yaran unguwarsu da tsofaffin sojojin da kowa ke girmamawa? Ga shi doka ta ba shi ikon cewa a'a, amma kunya da siyasa sun ɗaure masa baki.

Yanzu mu bi kuɗin. A 'yan shekarun nan, abin da ake zubawa a wannan caca a Minesota ya haura dala biliyan 4 a shekara, ta hannun ƙungiyoyi fiye da 1,000 a wurare kusan 3,000, a jihar da mutanenta ba su kai miliyan 6 ba. Mu ɗauki dala 100 daga ciki. Kusan dala 85 suna komawa ga masu wasa a matsayin kyauta, kuma da yawansu a nan take suke sake sayen kati da su. Sauran dala 15 ɗin su ne ainihin abin da ya fita daga aljihun jama'a. Wajen rabinsu yana tafiya a hidimar gudanarwa: albashin masu sayar da kati, kuɗin kamfanonin da ke buga katunan da masu na'urori, da hayar mai mashaya, wanda doka ta yarda ya karɓi har kashi 20 cikin 100 na ribar katin takarda idan ma'aikatansa ne ke sayarwa. Daga abin da ya saura gwamnatin jiha ta yanki harajinta, wanda matakinsa na sama ya kai kashi 36 cikin 100 kafin a sassauta shi zuwa 33.5 a 2023. Abin da ke isa ga yaran hoki da motar kashe gobara da ma'ajiyar abincin mabuƙata bai kai dala 5 ba. Ƙungiyoyin da kansu sun sha kokawa cewa harajin da suke biya ya zarce abin da suke bayarwa taimako. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai wani abu kuma da ya kamata ɗaliban mulki su riƙe. Hukumar jiha tana auna ƙungiyoyi da taurari, daga 1 zuwa 5, gwargwadon kason ribar da suka kashe a kan abin da doka ta amince da shi. Amma harajin da aka biya gwamnati shi ma yana cikin abin da ake ƙirgawa. Ke nan ƙungiya tana iya samun taurari masu yawa alhali kaso mai tsoka na abin da aka yaba mata a kai baitulmali ya shiga. Ma'aunin da hukuma ta zaɓa yana iya ɓoye abin da jama'a suka fi buƙatar gani.

Labarin 2012 shi ne ya fi fito da lamarin fili. A shekarar, majalisar jihar ta amince a gina wa ƙungiyar ƙwallon Vikings sabon filin wasa a birnin Miniyapolis. Jiha ta ɗauki nauyin dala miliyan 348, birnin kuma dala miliyan 150. Daga ina jiha za ta samo nata kason? Daga harajin katin ɓarewa na lantarki, wanda aka halatta musamman don wannan. Da farko kuɗin bai shigo yadda aka yi hasashe ba, har sai da aka cike giɓi da harajin taba. Daga baya na'urorin suka karɓu, kuɗi ya riƙa kwarara, aka buɗe filin a 2016, kuma a 2023 jihar ta biya bashinsa gaba ɗaya, kusan shekara 20 kafin wa'adi. 'Yan siyasa sun yi murna. Amma mu tambayi kanmu: wa ya biya? Mai shiga mashayar unguwa da albashinsa na mako, wanda ya ga sunan ƙungiyar yara a saman akurki.

Su ma na'urorin sun riƙa sauya kama, suna ƙara sauri da walƙiya, har ɗaya daga cikin ƙabilun asali na ƙasar, waɗanda ke da gidajen caca bisa yarjejeniya da jihar, ta kai ƙara cewa an mayar da su tamkar injinan gidajensu. Kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta goyi bayanta a 2023, majalisa kuma ta hana buɗe kati duka da taɓawa ɗaya daga farkon 2025. Abin lura shi ne, birkin ya zo ne daga abokan gasa a kasuwa. Kason da aka ware daga harajin don kula da waɗanda caca ta zame wa jaraba kuwa kashi 1 ne cikin 100.

Adalci ne in faɗi hujjar masu kare tsarin, don tana da nauyi. Suna cewa mutane za su yi caca ko an yarda ko ba a yarda ba, gara a yi ta a fili, da lissafi, wani abu ya koma unguwa. Kuma gaskiya ne akwai ƙauyukan da da wannan kuɗi suka sayi kayan kashe gobara, akwai ƙananan mashayu da gidajen abinci da hayar nan ce ta riƙe su. Ban raina ko ɗaya ba. Amsata ita ce, da zarar makarantar yara da 'yan kwana-kwana da baitulmali sun dogara da caca, kowa a garin ya zama mai fatan a ƙara yin ta. Hukumar da aka ɗora wa tsaro ta zama mai kaso. Daga nan ba a ƙara tambayar ko ya dace, sai dai a tambayi nawa aka samu bana.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. A watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukuncin cewa dokar caca ta ƙasa ta 2005 ba ta da hurumi a jihohi sai a Babban Birnin Tarayya, ikon tsara harkar na jihohi ne. A shekarar ce kuma Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo a Kano. Shawara ta dawo kusa da gida ke nan, kuma wayar da ke aljihun matasanmu ba ta san iyakar jiha ba. Ranar na nan zuwa da wani zai shigo ofishinku da takarda mai kyau, ya ce a ba shi izini, zai ware kaso don marayu ko gyaran asibiti ko wasannin matasa.

Idan ranar ta zo, ina roƙonku abu uku. Na farko, kada irin wannan buƙata ta wuce a dunƙule cikin takardun yau da kullum. A karanta ta a zauren majalisa, a kira mutanen unguwa su ji. Na biyu, ku nemi lissafi a rubuce: cikin kowace naira 100 da za ta fita daga aljihun talaka, nawa za ta isa hannun maraya? Idan jihar da ta shafe shekaru 40 tana gyara dokokinta ba ta kai biyar ba, ku tambayi mai takardar ta yaya shi zai wuce haka. Na uku, mu ɗauki abin da Minesota ta iya, mu bar abin da ya kama ta. Asusu daban, karanta lissafi ga mambobi duk wata, kashe kuɗin unguwa a unguwa, duk waɗannan za mu iya ɗora su a kan zakka da waƙafi da gidauniyoyin ƙungiyoyin ci gaban garuruwanmu. Mutanenmu ba su rasa hannun kyauta ba, abin da ke sanyaya musu gwiwa shi ne rashin sanin inda kuɗinsu ya tafi. Wanda ya ba da naira 100 kai tsaye ga asusun da ake karanta lissafinsa a bainar jama'a ya fi amfanar maraya sau da yawa a kan wanda ya zuba ta a akwatin caca, kuma zai koma gida da sauran albashinsa.

Sa hannunku a kan takardar izini shaida ce da kuke bayarwa a madadin jama'ar da suka zaɓe ku, kuma za a tambaye ku a kanta. Ku bayar da ita inda kuka ga lissafi ya fita, ku hana inda bai fita ba, ko da mai nema ɗan'uwa ne.

 Allah Ya yi mana jagora.