SHAIDAR ƘASA DA LISSAFIN KWAMFUTA A KAN DAMUNAR ZAMANIN DA



Masana suna bin hanyoyi biyu wajen gano yanayin zamanin da. Ta farko ita ce shaidar da ƙasa ta adana: lakar gindin tafki, ƙurar furanni da ƙasusuwan kifi. Ta biyu kuwa lissafin kwamfuta ne mai kwaikwayon iska, teku da zafin rana.

Shaidar ƙasa tana nan kusa da mu. Tudun yashin da ya bi ta Bama da Maiduguri tsohuwar gaɓar Tafkin Cadi ce. Shekaru wajen 7,000 da suka wuce faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 350,000, alhali a 1963 bai wuce 25,000 ba. A 1987 wani makiyayi mai haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya tono kwalekwale mai shekaru kusan 8,000.

A 1981 wani masani Ba'amurke, John Kutzbach, ya nuna da kwamfuta cewa sauyin yadda duniya ke kewaya rana ya ƙara zafin bazara shekaru 9,000 da suka shige, wanda ya ƙara wa damuna ƙarfi. To, amma da aka gwama lissafin da shaidar ƙasa, sai aka ga yawancin kwamfutocin sun rage mudu: ruwan da suka bayar bai isa ya raya ciyayin da aka tabbatar sun lulluɓe Sahara ba. Da aka sa tasirin tsirrai, tafkuna da raguwar ƙura cikin lissafin, sai ruwan ya ƙaru, ya kuma nausa arewa.

Ina ruwanmu da wannan? Da irin waɗannan kwamfutoci ake hasashen damunar da jikokinmu za su yi noma a cikinta, kuma wanda ya kasa faɗin jiya daidai, a yi hattara da abin da ya ce game da gobe. Saboda haka kada mu gina shirin dam ko na iri a kan hasashe guda. Mu yi tanadin fari da na ambaliya gaba ɗaya. Haka nan mu ƙarfafa wa 'ya'yanmu gwiwar karatun kimiyyar ƙasa, domin ana buƙatar ƙarin masu karanta lakar tafkunanmu.