Jawabin Magatakarda Kan Sakatar Taraktar Sito

  

An ce in yi bayani kan kuɗin da kwamiti ke nema domin taraktar da ke loda mana kaya a sito.

Kun san hannunta na gaba abu biyu yake ɗauka: bokiti na kwasar shara da ƙasa, da yatsu biyu na ɗaga buhuna. Sakata biyu na ƙarfe ne ke riƙe kowanne. A yanzu duk sauyi sai direba ya sauko, ko yaron mota ya shiga tsakanin hannun da bokitin ya ja su da hannu. Ranar da motar albasa ta iso daga Galmi, bayan ta kwana a boda a Paga, kowa sauri yake, domin albasa ba ta jira. A irin wannan saurin ne bara aka bar sakata ɗaya ba ta shige ba. Yatsun suka zame da buhuna a kai, suka faɗo dab da ƙafar wani ɗan dako. Ina tsaye a wurin da littafina. Allah ne ya kiyaye.

Abin da muke so a ƙara shi ne ƙaramin silinda da zai tura sakatun biyu da ƙarfin man haidirolik na taraktar. Zai buƙaci tiyo biyu, da bawul mai karkato mai zuwa gare shi, da makunni kusa da sitiyari wanda ke aiki da batirin volt 12. Direba na zaune zai kulle, yana zaune zai buɗe. Babu wanda zai ƙara sa jikinsa a ƙarƙashin ƙarfe.

Amma abin da ke buɗewa da yatsa ɗaya yana iya buɗewa bisa kuskure, kaya na sama. Don haka muka gindaya wa bakaniken da muka gani a Suame Magazine sharaɗi uku. Makunnin ya kasance mai murfi, sai an ɗaga za a danna. A sa bawul mai riƙe mai, yadda ko tiyo ya fashe sakata ba za ta janye ba. A shafa wa kan sakatun jan fenti, direba ya gan su daga kujerarsa.

Shi ma direba yana da nasa. Bayan ya kulle, ya danna bakin bokitin a ƙasa ya ɗan ja baya kafin ya ɗaga komai. In bai kama ba, a nan zai nuna. Lokacin hunturu kuma ƙura na toshe ramin sakata, sai a riƙa gogewa ana sa giris.

Wasu dattawa sun ce hannu bai taɓa gazawa ba, me ya kawo kashe kuɗi? Gaskiya ne, sakatar hannu ta fi arha, kuma ba ta yoyon mai. Sai dai 'ya'yanmu ne ke shiga wurin, kuma kuɗin asibitin Komfo Anokye da ke nan kusa da mu ya fi kuɗin silinda.

Takardar farashi tana ofis, kowa na iya zuwa ya duba kafin taron wata mai zuwa, inda za a kaɗa ƙuri'a. Allah ya kare mana matafiyanmu, ya sa albarka a kasuwa.