Hantsi Leƙa Gidan Kowa: Bitamin D da Tabon Huhu

 Yau zancenmu a kan huhu ne, da wani ciwo da ake kira tabon huhu.

Kin ga yadda in wuƙa ta yanke ki, wurin yakan warke ya bar tabo mai tauri? To haka ma huhu yake yi. A cikinsa akwai 'yan jakunkunan iska sama da miliyan 300, masu laushi kamar soso. In tabo ya mamaye su sai su ƙandare. Mace ta ɗan yi shara ko daka sai haki, ga busasshen tari da ya ƙi tafiya. Kuma tabon da ya riga ya zauna ba ya gogewa.

Ta yaya yake samuwa? Allah cikin ikonsa ya ajiye wasu sojojin jiki a cikin jakunkunan nan, aikinsu haɗiye ƙura da ƙwayoyin cuta. In huhu ya ji rauni, su ne ke kiran masu gyara su zo su yi faci. Amma in raunin ya zama na kullum, ko daga tarin fuka, ko ƙurar dutse, ko ƙurar kashin tantabara da gashinta, sai kiran ya ƙi tsayawa, a yi ta faci a kan faci. Wani lokaci ma likita ba ya gano musabbabin.

To ina bitamin D ya shigo? Da yawanmu mun san shi da ƙarfafa ƙashi. Ashe sojojin nan ma suna aiki da shi. A 2006 masu bincike a Amurka suka nuna cewa da shi ne suke haɗa wani sinadari mai kashe ƙwayar tarin fuka. A gwajin ɓeraye kuma an ga yana rage tabon huhu. Sai dai ki riƙe wannan da kyau: ba a tabbatar yana warkar da tabon huhu a jikin mutum ba. Duk wanda ya ce miki haka, kuɗinki yake so.

Fatarmu ce ke haɗa bitamin D in rana ta taɓa ta, kuma baƙar fata ta fi buƙatar daɗewa. Ke da kike wuni a ɗaka, ba sai kin fita waje ba, tsakar gidanki ta ishe ki. In hantsi ya ɗaga sosai, fito da tsintar shinkafarki ko wankinki, ki bar rana ta taɓa hannuwa da ƙafafu. Wadda ta biyo ta gilashin taga ba ta yi. A abinci kuwa, akwai shi a kifin sardin da gwaiduwar ƙwai.

Don Allah kada ki sayi ƙwayar bitamin D ki yi ta sha ba da izinin likita ba. In ya yi yawa yana taɓa ƙoda.

Ki riƙa girki inda hayaƙi ke samun mafita, ki yayyafa ruwa kafin share ɗakin tantabaru. In tari ya kai mako 2, ki yi wa maigida magana ya kai ki asibiti. A Nijeriya maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma kama shi da wuri yana rage ɓarnar da zai bari a huhu.

Allah ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a gaida yara.