Bangon Unguwa Na Wa Ne?

Duk mai bin hanyar Talata Mafara zuwa Bakura ya san abin da ya rufe bangayenmu: fastocin 'yan siyasa da tallan maganin basir. Alhali kuwa a birnin Zariya, inda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a a ƙarni na 19, magina kan zana dagi da takobi a fuskar zaure tun yaɓe yana ɗanye. Siminti ya rage wannan sana'a, amma masu zanen bayan manyan motoci suna nan. Me zai hana mai unguwa a gari kamar Tsibiri ya ba su bangon firamare, matasa su haɗa kuɗin fenti? Malamai ba za su ƙi ba, muddin babu surar mai rai.